Kwanan Daji a Ikere: A Bar Yaran Su Je, Amma Ta Ƙofa



Tun da matasanmu suka kawo shawarar fita kwanan daji a hutun ƙarshen shekara, maganar ta ƙi mutuwa. Shirinsu shi ne su tashi daga nan Ibadan su bi titin Moniya zuwa Iseyin, su hau dutsen Ado-Awaye su ga tafkin Iyake da ke can bisa kansa, sannan su wuce madatsar ruwa ta Ikere su kafa tanti kwana biyu a bakin ruwa, a gefen gandun dajin Old Oyo. Iyayenmu da yawa sun ce atafau. Wani dattijo ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ba mu ga wanda ya iya yi masa musu a wurin ba.

Mu a namu ganin, a bar yaran su je. Amma ba yadda suka tsara ba.

Tsoron iyayenmu ba na banza ba ne, kuma ba zaki ko kura suke tsoro ba. Mutum suke tsoro. Kowa a cikinmu yana tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga jihar Ribas za su gida yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Rikicin kasuwar Shasha na 2021 kuwa a kan idonmu aka yi shi. To a irin wannan zamani, a ce samari ashirin masu jin Hausa sun sauka daga mota da almuru, sun kutsa daji da tanti da tocila da adda ta saran itace, me manomin da ya hango su zai ce? Ba zai ce 'yan yawon buɗe ido ba ne. Waya zai ɗauka ya kira Amotekun ko mafarautan ƙauye, kuma kafin a tsaya jin ba'asi mai afkuwa ta afku. Abin da ɗalibin jami'a Bayarabe zai yi a ce masa sannu da hutu, ɗanmu in ya yi shi ba shiri yana iya rasa ransa. Da ɗaci, amma haka abin yake.

Sai dai in muka ce saboda haka kada kowa ya taka daji, mun yarda ke nan cewa duk Bahaushen da aka gani a daji ɓarawo ne. Yaranmu a nan aka haife su. Da yawansu sun fi iya Yarbanci a kan iyayensu, amma ba su san komai na jihar nan ba sai Sabo da Bodija da tashar mota. Akwai wanda ya kai shekara ashirin da biyar bai taɓa ganin gada da rai ba, sai ƙyafaffiya a bakin titi. Gandun dajin nan na Gwamnatin Tarayya ne, an kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,500, kuma kowane ɗan Najeriya yana da haƙƙin shiga in ya bi ƙa'ida. Akwai mariya da mazo da gwaggon biri da gadu, ga kada a ruwa, ga tsuntsaye iri-iri. Kada dai wani ya sa rai zai ga garke kamar na talabijin. Farauta ta cinye da yawa, wanda ya rage kuma ya koyi ɓuya. Mai sa'a da sammako shi ke gani.

Kuma ba baƙin wurin ba ne mu kamar yadda ake zato. Sunan gandun ya samo asali ne daga kufan tsohon birnin Oyo-Ile da ke ɓangarensa na arewa, birnin da kakanninmu fatake suke kira Katunga. Da wannan sunan Baturen nan Clapperton ya rubuta shi lokacin da ya isa can a 1826. Fatake sun kwana a dazukan nan tun kafin a san mota. Amma a duba yadda suke yi. Ayari ba ya yada zango sai madugu ya aika an gai da mai ƙasa, an faɗi ko su wane ne, daga ina, zuwa ina, an ba da abin da ya kamata a bayar. Jagaba yana gaba, ya san inda ruwa yake da inda ba a sauka. Ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙasƙanci ba. Abin da ya ɓace a shirin matasanmu ke nan: sun yi lissafin kuɗin mota da na shinkafa har da na gawayin gashi, amma babu wanda ya yi maganar sallama.

Ga abin da muke ganin ya zama sharaɗi. Ƙungiya ta rubuta takarda zuwa hedikwatar gandun a garin Oyo, da sunan kowane yaro da lambar katinsa na ɗan ƙasa, a biya kuɗin shiga, a nemi malaman daji su raka su. Inda ma'aikatan suka ce a kwana, nan za a kwana, ko da bai yi kyau a hoto ba. In suka ce wani ɓangare ba lafiya, magana ta ƙare; dajin yana da girma, ya dangana da iyakar Kwara, kuma su suka san inda ƙafa ba ta zuwa a yanzu. A ajiye kwafin takardar a ofishin 'yan sanda na Iseyin, a kuma sanar da shugabannin Hausawan garin, don da ɗan gari akan ci gari. Bindiga, baka, ko da danƙon harbin tsuntsu, kada wanda ya ɗauka. Doka ta hana farauta a ciki, kuma makami ɗaya ya isa ya ɓata sunan duka ayarin.

A Ado-Awaye ma haka. Dutsen yana da masu shi, garin yana da sarki, kuma mutanen wurin suna girmama tafkin Iyake bisa al'adarsu. Ba a ce ka yi imani da abin da suka yi imani da shi ba, amma ba wurin wanka ko wanke kwano ba ne, ba kuma wurin yin ba'a a bidiyo ba. A ɗauki ɗan jagora daga garin, a hau da safe tun rana ba ta yi ba, matakalan sun fi ɗari uku. A sauko kafin la'asar.

Sauran kuwa sanannu ne. Lokacin hunturu ciyawa ta bushe, guntun garwashi ɗaya yana iya cinye daji da gonakin mutane, don haka a yi girki da risho. Kada a kafa tanti dab da ruwa saboda kada, kada kuma wani ya ce zai gwada iyo a madatsa. Gidan sauro da takalmi rufaffe dole ne. Ragowar abinci a tattara, in ba haka ba birai za su zo su yi musu rabo.

Wasu matasan sun ce wannan duk ya kashe daɗin abin, wai su 'yanci suke nema ba rakiya ba. Mun ji. Amma mu ne za a buga wa waya da tsakar dare, mu ne za mu tsaya a gaban uwar yaro. Wasu iyayen kuma sun ce ko da takarda ba su yarda ba, kuma ba za mu tilasta wa kowa ba. Yaron da mahaifinsa bai sa hannu ba, ba zai shiga mota ba.

Mun ba da shawarar dattawa biyu su bi su, ɗaya daga ciki mai jin Yarbanci sosai. Wanda yake son ɗansa ya je ya kawo sunansa ofis bayan sallar Juma'a. Sai amsar hukumar gandun ta zo a rubuce za a tsayar da rana, ba za a karɓi kuɗin kowa ba kafin nan.

Allah Ya tsare mana su.

Sakatare