Duniya Makaranta: Malfar kaboyi da sirrin daɗewar kayan fata

Yau za mu leƙa yammacin Amurka, wajen mutumin nan da muka saba gani a fim bisa doki, da ƙatuwar malfa a ka da igiya a hannu. Fim ya nuna mana kaboyi a matsayin gwanin harbi da gayu. A zahiri kuwa makiyayi ne, ɗan ƙwadago, kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne tattalin kayan aikinsa.

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a jihar Tekzas, kasuwarsu kuma tana can arewa da gabas. Sai aka riƙa ɗaukar matasa suna kora garke na dubban shanu zuwa tashoshin jirgin ƙasa a jihar Kansas, irin ta garin Abilene da ta fara karɓar shanu a 1867. Tafiyar kan ci wata biyu ko uku, cikin rana da ƙura da ruwan sama. Da yawa daga cikin matasan nan baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, kuma daga makiyayan Meziko aka koyi sana'ar tun asali. Albashin bai wuce dala 30 zuwa 40 a wata ba. Dokin da yaro ke hawa galibi na mai garke ne, amma sirdi nasa ne, kuma sirdi mai kyau kan cinye albashin wata guda ko fiye. Wanda ya bari sirdinsa ya lalace ya rasa hanyar cin abincinsa.

Ita malfar, wani maɗinkin huluna mai suna John B. Stetson ne ya fito da irinta da ta yi suna, a birnin Filadelfiya a 1865. Da gashin dabbobi irin su zomo ake yin ta, a danne shi da zafi da danshi har ya haɗe ya zama kamar bargo mai tauri. Faffaɗan bakinta na kare fuska da ƙeya daga rana, dogon ƙoƙonta na barin iska tsakanin kai da hula. Da ita ake fifita wuta, da ita ake yafuto abokin aiki daga nesa, wani lokaci har ruwa ake ɗiba wa doki. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatani a bayan shanu da malfarsa ta kaba mai adon fata ya san dalilin faɗin nan. Rana ɗaya ce, dabara ɗaya.

Da farko malfar ba ta da wani lanƙwasa. Yawan kamawa da yatsu ne ya riƙa lotsa samanta, yawan naɗewa ya ɗaga gefenta, har kowane yanki ya sami salonsa. Daga baya masana'antu suka kwaikwayi wannan lotsewar suka mai da ita ado. Wato gayun da muke gani yau, aiki ne ya haife shi.

In ɗayanku ya sami irinta a gwanjo, ko za ku sa ta a wasan kwaikwayon makaranta, ga yadda masu ita ke yi. A cikin hular akwai ɗan ƙulli a jikin zagayen da ke tare zufa. Wannan ƙullin baya yake komawa. Hular ta zauna daidai, kamar yatsa ɗaya ko biyu a saman gira, kada ta matse har ta bar shaida a goshi. A riƙe ta ta baki, domin yawan matse ƙoƙon na fasa shi. In za a ajiye ta, a kifa ta ƙoƙo ƙasa baki sama, ko a rataye, don kada bakin ya baje. Ta gashi ta lokacin sanyi ce, ta kaba ta lokacin zafi. In ta lotse, a kara ta a tururin ruwan zafi kaɗan, a gyara da hannu, a bar ta ta huce. A can al'adarsu ana cire ta a wurin ibada, wurin jana'iza da wajen cin abinci a gidan mutane. Mu ƙara da namu: ba ta cikin kayan makaranta, kada wani ya shiga da ita aji ya ce mu muka aike shi.

Yanzu ga inda batun ya shafi kowa, ko mai malfa ko marar ita. Fata tana da maiƙo a cikinta wanda ke sa zarurrukanta su lanƙwasu ba tare da sun karye ba. Rana da iskar hunturu na busar da maiƙon, fatar ta yi tauri, ta fara tsagewa a inda take lanƙwasuwa. Tsagar da ta riga ta buɗe ba ta haɗewa, shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Kaboyi kan wanke sirdinsa da sabulun sirdi, sannan ya shafa wani mai da ake tatsowa daga ƙasusuwan ƙafar shanu, ko kakin zuma. Matakan ba su canja ba, kuma za su yi wa takalmin makaranta, bel da jakar fata aiki. A fara kakkaɓe ƙura da buroshi, domin mai a kan datti laka ce. A goge da tsumma mai ɗan danshi, kada a jiƙa sharkaf. A shanya a inuwa, nesa da murhu. In ta bushe, a lakato man fata ko man kaɗanya kaɗan, a gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, saboda mai na sa launi ya yi duhu. Sai a murza sama-sama, a bari ya kwana, da safe a goge abin da ya rage. Mai da yawa na sa fata ta saki ta riƙa kama ƙura. A guji baƙin mai na inji, a guji man girki da kan yi wari in ya daɗe. Fata mai laushin gashi-gashi kuwa buroshi kawai take so. Da damina a bar kayan inda iska ke ratsawa, ban da cikin leda, don gudun fumfuna.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Majema a Kano da Sakkwato sun daɗe suna jima da bagaruwa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta tsallaka Sahara har Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko. Sirdi da linzamin da ake fitowa da su hawan Sallah, wasu sun girmi mahayansu, saboda akwai mai kula da su duk shekara.

Ku tuna abin da iyaye ke kashewa a kan takalmi a farkon kowane zango. Minti goma a ƙarshen mako na iya sa takalmin nan ya kai wata shekarar, kuɗin su tafi ga littafi. Aikin gida na wannan mako: kowa ya ɗauko abu ɗaya na fata da ya fara bushewa ya gwada, in kuma akwai baduku a unguwarku, ku je ku gaishe shi ku tambaye shi da me yake shafa nasa. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.