Ba a Ɓoye Abin da Ke Ratsa Sararin Kowa

A watan Agustan 2019 Donald Trump ya wallafa hoton wani dandalin harba roka na Iran bayan fashewar da ta auku a wurin. Kafin a je ko'ina, masu bibiyar taurarin ɗan'adam don sha'awa, ciki har da Marco Langbroek na ƙasar Holan, suka nuna cewa tauraron leƙen asiri mai lamba USA-224 ne ya ɗauki hoton. A lokacin Amurka ba ta bayyana hanyar da yake bi ba. Su suka auna ta da kansu.

Kayan aikin da aka gina wannan sha'awa a kansu ba su da yawa: madubin hangen nesa na hannu, agogo mai ƙidayar daƙiƙa, da taswirar taurari. Tauraron ɗan'adam ba shi da hasken kansa. Ana ganinsa ne bayan magariba ko gabanin asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu alhali rana na haska shi a can sama. Mai lura zai jira har ɗigon hasken ya ratsa tsakanin sanannun taurari biyu, ya danna agogo, ya rubuta lokaci da matsayi. Rahoton mutum ɗaya ba ya wadatarwa, amma idan aka haɗa na Kanada da na Turai da na Afirka ta Kudu, lissafi zai fitar da hanyar zagayen, har a san inda zai ɓullo gobe.

Masu suka na cewa wannan tona asirin tsaro ne. Hujjar ba ta da ƙarfi. Abin da Ted Molczan ya hango daga barandar gidansa a Toronto ba zai ɓuya ga na'urorin Rasha da Sin ba. Wanda sirrin ke rufe wa ido shi ne talakan da aka ƙera tauraron da harajinsa, da kuma ƙasashen da ake ratsa samansu ba su da abin dubawa.

Amurka ma ta taɓa neman irin waɗannan idanu. A 1956 Fred Whipple ya kafa shirin Moonwatch, inda 'yan sa-kai suka bi sawun Sputnik a 1957, aka ci gaba har 1975. Aikin da aka yaba jiya bai zama laifi yau don ya daina yi wa hukuma daɗi ba. In rana ta fito, tafin hannu ba ya kare ta.