SIGARIN LANTARKI: MU DAINA CAJI A ƘARƘASHIN KATIFA

Yau ba maganar siyasa ko tsadar kaya zan yi ba, wani ƙaramin abu ne da ya kusa ƙone mana gida a nan Agege.

Da misalin ƙarfe biyun dare aka kawo wuta. Ban jima da komawa barci ba sai na ji ihu daga ɗakin samarin da ke maƙwabtaka da ni, su shida ne ke kwana a ciki. Ko da muka isa, hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe ɗakin, katifar soso tana ci da wuta. Da bokiti da yashi muka samu aka kashe. Da gari ya waye muka gane musabbabin: ɗaya daga cikin yaran ya jona sigarin lantarki a caji, ya tura shi ƙarƙashin katifa don kada yayansa ya gani. A lungun ɗakin kuma akwai jarkar man janareta. Allah ne kawai ya tsare.

Mai karatu, wannan sigari ba ashana ake kunna masa ba. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003. A cikinsa akwai batirin litiyam, irin na wayar salula, wanda ke ɗumama wata siririyar waya har ruwan ciki ya zama tururi. Irin wannan batir idan ya yi zafi fiye da kima, ko aka cika masa caji ya wuce misali, ko ya lotse, sai sinadaran ciki su shiga haifar da zafi da kansu, zafin na ƙara zafi, har ya fashe. Da yake da yawansu a cikin bututun ƙarfe suke kamar biro, idan sun fashe sukan yi tsartuwa kamar harsashi.

Ba tatsuniya ba ce. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2017, ta ƙirga fashewa da gobara 195 na wannan sigari daga 2009 zuwa 2016, mutum 133 suka ji rauni, 38 munanan raunuka. Guda 48 a lokacin caji suka auku, 61 kuma a cikin aljihu. A 2018 wani mutum a jihar Florida ya rasa ransa da nasa ya fashe. Shi ya sa jiragen sama ba sa yarda a saka shi cikin jakar da za a kai ɗakin kaya, ko a yi cajinsa a cikin jirgi.

To idan haka ta faru a inda wuta ke tsaye, ina ga mu? Wutarmu ta zo da ƙarfi, ta zo da rauni, ta ɗauke. Cajarmu ta bakin titi ce. Ɗakunanmu a cunkushe, rumfunanmu na katako da leda, soket ɗaya ya ɗauki waya goma. Kuma mu baƙi ne. Ranar da wuta ta tashi daga ɗakin Bahaushe ta cinye gidan mai gida da shagunan maƙwabta, ba sunan yaron za a kira ba, cewa za a yi "Hausawa ne". Kowa ya san yadda ƙaramar magana ke zama babba a nan.

Ra'ayina shi ne, mu manya muna da laifi. Faɗa da zagi kawai muka iya, shi ya sa yaran ke ɓoyewa, ɓoyewar kuma ita ce ta kai abin ƙarƙashin katifa. Da na faɗi haka bayan sallar isha'i, wani dattijo ya ce mini, "Malam, ai koya musu sha kake yi." Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ni ma ban so su sha ba, akwai nikotin a ciki mai kama mutum, ga ɓarnar kuɗi. Amma kafin wa'azi ya kama shi, mutum biyar ne ke kwana kusa da shi, ba su ci ba ba su sha ba." Mu ci gaba da nasiha, amma mu haɗa da wannan:

Na ɗaya, kada a yi caji ana barci ko ba kowa a ɗaki. Idan ya cika a cire.

Na biyu, a ɗora shi a kan siminti ko tayil, a fili, nesa da katifa, labule, fetur da tukunyar gas.

Na uku, a yi amfani da cajar da aka yi dominsa. Ba kowace caja da bakinta ya shiga ba ce tasa.

Na huɗu, wanda ya kumbura, ya tsage, ya jiƙe, ko yake zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ya gama aiki. Kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

Na biyar, batirin da ake cirewa kada a zuba shi aljihu tare da makulli ko wani ƙarfe, domin ƙarfen na iya haɗa bakinsa biyu. Kada kuma a bar shi cikin mota a rana.

'Yan uwanmu masu sana'ar cajin waya, ku duba abin da ake miƙo muku, ku ajiye bokitin yashi a rumfa. Idan abu ya fara hayaƙi, a kashe wutar tukuna, a fitar da mutane, kada a shaƙi hayaƙin. Mu da ke Legas a kira 112 ko 767.

Ina roƙon limamanmu da fadar Sarkin Hausawa su sa baki. Yaron nan yanzu yana biyan kuɗin katifa da fentin ɗaki kaɗan-kaɗan, mai gida kuma sai da muka je mu uku muka ba shi haƙuri kafin ya fasa korarsu.

Allah ya tsare mu da gobara, ya mai da mu gida lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.