Facebook da WhatsApp: da me muke biyan kuɗin rumfa?

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram a yau zai ga salula ta zama rumfa ta biyu. Mai atamfa ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp, mai albasa ya ji farashin Yamai tun kafin mota ta tashi daga Galmi. Kamfanin bai taɓa aiko mai karɓar haraji ba, ko dala ba ya nema. To, amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Da me muke biya?

Da bayananmu muke biya. Kamfanin Meta na Amurka, mai Facebook da Instagram, wanda ya sayi WhatsApp a 2014 kan dalar Amurka wajen miliyar 19, da talla yake samun kusan duk kuɗinsa. Gaskiya ne saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, kamfanin ba ya karanta shi. Amma ya san lambarki, da lambobin da kika bar shi ya gani cikin salularki, da irin salular, da lokacin da kike shiga. A Facebook kuma ya san abin da kike tsayawa ki kalla. Wannan sanin ne ya sa masu talla ke biyansa.

Gwamnatoci sun daɗe da farga. A 2018 aka gano wani kamfani mai suna Cambridge Analytica ya samu bayanan mutane har miliyan 87 daga Facebook, aka yi aikin siyasa da su. A 2019 hukumomin Amurka suka ci Facebook tarar dala miliyar 5. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanai a 2018, kuma a 2023 aka ci Meta tarar yuro miliyar 1 da miliyan 200, wato kimanin miliyar 787 na sefa, saboda kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka.

Abin ya iso har ƙofar gidanmu. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta Najeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220, tana zarginsa da yin amfani da bayanan ƴan ƙasar ba da yardarsu ba. Kotu ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Cikin takardun shari'a kamfanin ya ce yana iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Bai rufe ba, amma barazanar ta isa darasi. Da ya rufe, ɗan kasuwar Maraɗi da abokan cinikinsa ke Katsina da Kano shi ma sai ya ji a jikinsa. Rumfar da muka ɗauka tamu ce, ashe aro aka ba mu.

Mu ma a Nijar muna da doka tun 2017, an sake ta a 2022, kuma akwai hukumar ƙoli mai kula da kare bayanan jama'a, wato HAPDP, a Yamai. Dokar ta ba kowa damar sanin abin da aka tara game da shi, da neman a gyara. Sai dai ƴan kasuwa nawa suka taɓa jin labarinta? Dokar da ke kwance cikin Faransanci ba ta tsare mai sayar da turaren wuta. Ya kamata a bayyana ta da Hausa da sauran harsunanmu a gidajen rediyo da cikin kasuwanni. Kuma tunda kasuwarmu ƙarama ce a idon waɗannan kamfanoni, sai ƙasashen Afirka sun haɗa baki kafin a saurare su.

Kafin nan, kowa ya tsare kayansa. Kada ki tura hoton katin ɗan ƙasa cikin rukunin WhatsApp. Kada ka faɗa wa kowa lambobi shida da ake aiko maka ta saƙo, ko da ya ce daga kamfani yake, don da su ake sace asusu a ci bashi da sunanka. Lambobin abokan ciniki kuma a rubuta su cikin littafi, a aje a gida. Ranar da mai rumfa ya karɓe rumfarsa, littafin ne zai rage maka.