Kainuwa dashen Allah, kwasa sai mutum

A Yamai, ƙazamin ruwan unguwanni da dama yana bin Gunti Yena har ya faɗa kogin Isa. Akwai magani mai sauƙin kuɗi: a haƙa tabkuna a jere, ruwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a zuba kainuwa a kai. Saiwoyinta suna kama datti, ita kuma tana ci daga ƙazantar ruwan. Ba inji, ba takardar NIGELEC a ƙarshen wata.

Sai dai kainuwa ba ta san iyaka ba. In ba a rage ta a kai a kai, sai ta rufe tabki, ta ruɓe, ta mayar wa ruwa abin da ta sha, sauro kuma ya sami gida.

Saboda haka duk magajin garin da aka kawo wa irin wannan shiri, a Maraɗi ko Damagaram, kada ya tsaya ga kuɗin haƙa. Ya tambaya: wa zai biya leburorin kwasa ranar da masu tallafi suka koma ƙasarsu? Masu garka suna iya sayen takinta, amma ba a gina albashi kan wannan.