Waiwaye: Eco da Buhun Albasar Gandi

Kuɗin bai ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Tun daga 1912 Turawan Ingila suka haɗa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya a kan fam da sule iri ɗaya, kakanninmu na Gandi da Wurno suka biya haraji da su, ba wanda ya nemi shawararsu. Sai a 1959 Najeriya ta buga nata.

Yanzu kuwa sai da yardar jama'a, kuma nan gizo ke saƙar. An sa wa Eco, kuɗin bai ɗaya da ake shirin yi wa ƙasashen ECOWAS, ranar fitowa a 2003, aka ɗaga zuwa 2005, aka yi ta ɗagawa har 2020, yau ana maganar 2027. Cikin sharuɗɗan akwai cewa giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin ƙasa, kuma gwamnati ta rage ɗibar bashi daga babban bankinta. Mu fa? A 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mai da naira tiriliyan 22.7, da gwamnatin tarayya ta ranta daga Babban Banki, bashi mai dogon zango. Manomin da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar Goronyo bai taɓa ganin takardar ba, amma ya biya ta a kuɗin taki da man injin ban-ruwa. A 2024 jakar sefa ta haura naira 2,000, fataken albasa da tafarnuwa masu bin Illela zuwa Birnin Ƙonni suka fi son a biya su da sefa.

To, sefar ma tana da nata tabon. A Janairun 1994, a Dakar, dare ɗaya aka rage darajarta da rabi, mutanen Maraɗi suka wayi gari kayan waje sun yi tashin gwauron zabo.

A ganina, mai buhun albasa bai damu da sunan kuɗi ko hoton da ke jikinsu ba. Abin da yake dubawa shi ne hannun da ke kashe su. Gwamnatin da ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta yaya za ta ce masa ya haɗa aljihu da maƙwabta? Nijar ma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma har yau sefa take kashewa.