Lafiya Uwar Jiki: Abincin mutanen Asiya da littafin awon tumbi

Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke zuwa sarin kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin sukan dawo da ƙorafi iri ɗaya game da abincin can: ganye ya yi yawa, mai ya yi kaɗan, kwano kuma ƙarami ne, har mutum yakan tashi daga wurin ci kamar bai ci ba. Wasunsu kuma sukan ƙara da cewa bayan mako uku ko huɗu mazagin wando ya saki, hawan bene ya daina sa su haki. Ƙorafin farko da shaidar ta biyu asalinsu guda ne, shi ya sa filin wannan mako ya duƙufa a kansu.

An daɗe a biranen Nijar ana ɗaukar tumbi a matsayin shaidar buɗi. Alhajin da cikinsa ya ɗaga babbar riga, ko ma'aikacin da ya cika kujerar buro, ana cewa hutu ya karɓe shi. Likitoci kuwa wani abu dabam suke gani a cikin wannan tumbi: hawan jini, wanda mutanen birni ke kira tansiyo, da ciwon sukari, da ciwon gwiwa, da shanyewar ɓarin jiki da ke kwantar da magidanci cikin dare ɗaya, ya bar shago a rufe da iyali cikin neman kuɗin magani. Gaskiya ne babbar matsalar abinci a ƙasar nan ita ce tamowa a jikin yara da ƙarancin cimaka a karkara. Sai dai wannan bai hana ƙiba yin ɓarna a gidajen masu hali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na ɗauke da ƙibar da ta kai matsayin cuta.

Yadda ake dafawa a can

Ƙasar Japon na cikin ƙasashe masu arziki da ƙiba ta fi ƙaranci a cikinsu, mutanenta kuma na cikin waɗanda suka fi tsawon rai, kimanin shekara 84 a matsakaici. Tsarin cin abincinsu na gargajiya shi ne ƙaramin kwanon shinkafa, da romo guda, da mahaɗi uku a ƙananan faranti: kifi ko awara, sai ganye iri biyu. Kowane mutum da kwanonsa, saboda haka ido na ganin iyakar abin da ciki zai ɗauka. Romon nasu ana yin shi da miso, wato waken soya da aka bari ya ruɓa da gishiri, ɗan'uwan daddawa ke nan. Mutanen tsibirin Okinawa kuma suna da wata al'ada da suke kira hara hachi bu, ma'ana a janye hannu idan ciki ya kai kashi takwas cikin goma. Musulmi ba baƙon wannan magana ba ne, domin malamai sun daɗe suna karantar da raba ciki gida uku, na abinci da na ruwa da na numfashi.

A kudancin ƙasar Sin, inda Guangzhou take, an fi ji da turara abinci. Ana ɗora ɗanyen kifi a faranti, a zuba masa yankakkiyar citta da ganyen albasa, a rufe shi a kan tururi kimanin minti 10, sannan a yayyafa masa cokali ɗaya na mai mai zafi. Ganye kuma ana yanka shi ƙanana, a jefa cikin kasko mai zurfi da ya yi zafi sosai, a juya minti uku ko huɗu da ɗan mai da tafarnuwa, a sauke yana da sauran ƙarfinsa da korensa. A ƙasar Biyetnam akwai romon da suke kira pho, wanda ake haɗa shi da taliyar shinkafa da siraran yankan naman shanu da ɗanyen ganye mai yawa da lemon tsami. Ruwa da ganye ke cika ciki, nama kuwa ɗanɗano yake bayarwa.

Sirrin waɗannan dafe-dafe yana ga lissafin mai. Giram ɗaya na mai na ba jiki kalori 9, alhali giram ɗaya na sukari ko sitacin hatsi ko sinadarin gina jiki da ke cikin nama kalori 4 yake bayarwa. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Uwargidan da ke zuba mai da ludayi har ya yi iyo a kan miya, ko a kan shinkafa da wake, tana ninka nauyin abincin ba tare da ƙoshinsa ya ƙaru ba.

Babu wani abu a nan da sai an yi odarsa daga waje. Madambacin da ake turara dambu da shi zai turara karfasa ko giwan ruwa na kogin Isa. Albasar Galmi, da shu, da karoti, da tattasai, da kokombur, da zogala, da citta, da riɗi, duk suna kasuwannin Tawa da Maraɗi da Yamai, musamman lokacin sanyi da kayan lambu ke araha. Awarar da ƴan mata ke talla ita ce abin da mutanen Sin da Japon ke kira tofu, sun kuma shafe ɗaruruwan shekaru suna cinta. Bambancin shi ne su sukan jefa ta cikin romo ko su turara ta, nan kuwa sai an tsoma ta cikin tafasasshen mai. Ganyen shayin da ake dafawa a fada da bakin shago shi ma daga ƙasar Sin yake zuwa, amma masu noma shi ba sa zuba masa sukari. OMS ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, in da hali ma ya tsaya a 25. Lemon kwalba mai santilita 33 shi kaɗai yakan ɗauki kusan giram 35, balle a haɗa shi da zagaye uku na shayi safe da yamma.

Inda ya kamata a yi hattara

Ba duk abin da ya fito daga Asiya ne mai sauƙi ga jiki ba. Nem ɗin da ake sayarwa a gidajen abinci na Yamai asalinsa Biyetnam, amma soyayye ne. A can ƙasar akwai ɗan'uwansa da ake naɗe ganye da jatan lande cikin ɓawon shinkafa a ci ba suya, shi ne na mai neman rage ƙiba. Taliyar leda mai dahuwa cikin minti uku, wadda Momofuku Ando ya ƙirƙiro a Japon a 1958, galibi an riga an soya ta da mai tun a masana'anta, ƙullin ɗanɗanonta kuma gishiri ne ya fi yawa a ciki. Gishiri shi ne babban aibin abincin Gabashin Asiya. Ɗan Japon na cin kimanin giram 10 a yini, ninki biyu na giram 5 da OMS ta iyakance, babban cokali ɗaya na baƙin ruwan soya kuma yakan kai kusan rabin wannan iyaka. Mai hawan jini da ya bar dunƙulen magi ya koma ruwan soya bai gusa ko'ina ba. Citta da tafarnuwa da lemon tsami da barkono su ne za su maye gurbin.

Su kansu mutanen Asiya sun ga abin da ke biyo bayan sakin al'adar ci. Okinawa da ta yi suna wajen tsawon rai ta cika da gidajen soye-soye irin na Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, har a shekarar 2000 mazanta suka faɗo zuwa matsayi na 26 cikin jihohin Japon 47 a tsawon rai. A ƙasar Sin, masu ciwon sukari ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a 1980, amma zuwa 2013 sun haura goma cikin ɗari na manya, bayan da mota da zaman ofis da nama da lemon kwalba suka yawaita. A watan Yuni na 2024 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da gangamin shekara uku na kula da nauyin jiki. In gemun maƙwabci ya kama wuta, mai hankali ruwa yake shafa wa nasa.

Daga ƙasar Sin ɗin ne kuma aka samu ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi cewa gyara na yiwuwa. A 1986, a birnin Da Qing, likitoci sun ɗauki mutum 577 da sukarin jininsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, suka bi su shekara shida. Waɗanda aka gyara wa abinci sun samu raguwar haɗarin kamuwa da kashi 31 cikin ɗari, waɗanda aka sa motsa jiki kashi 46, waɗanda suka haɗa biyun kashi 42. A cikin waɗanda ba a yi wa komai ba, kimanin biyu bisa uku sun kamu.

Littafin awo

Babu ɗan kasuwar kirki da ke buɗe shago ba tare da littafin shiga da fita ba, babu kuma ma'ajin da ke riƙe kuɗin gwamnati da ka. Nauyin jiki ma haka yake so. Japon ta mayar da wannan doka a 2008: duk mai shekara 40 zuwa 74 ana auna ƙugunsa a binciken lafiya na shekara, iyakar namiji santimita 85, ta mace 90. Wanda ya wuce iyaka, kuma aka ga wata alama a jininsa, ana haɗa shi da masu ba da shawara. Ba a cin tarar mutum, hukumomin inshorar lafiya ne ke ɗaukar nauyin.

Mai son bin sawun kansa na bukatar abu uku: ma'auni, da metir irin na tela, da ɗan kaye. Da farko ya san inda yake. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1 da santimita 70, mai nauyin kilo 90, zai ninka 1,70 sau 1,70 ya samu 2,89, ya raba 90 da wannan ya samu 31. A ma'aunin OMS, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ta zama cuta. Ƙugu kuma, wanda ake aunawa tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso bayan an fitar da numfashi, bai kamata ya kai rabin tsawon mutum ba. Ga wannan magidanci, ƙasa da santimita 85 ke nan.

Burin farko kada ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 da rabi zuwa kilo 9 ga mai kilo 90. Wannan kaɗai ya isa a ga sauƙi a awon jini da na sukari. Saurin da likitoci suka yarda da shi rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a mako, don haka kilo 9 na iya cin wata huɗu ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa. Awo sau ɗaya a mako ya wadatar, a rana ɗaya, da safe bayan an kewaya kuma kafin karin kumallo, a kan ma'auni guda da tufafi marasa nauyi. Nauyi na hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu cikin yini saboda ruwa da gishiri da abin da ke ciki, shi ya sa lambar rana ɗaya ba ta da hukunci, sai an jera ta mako huɗu. Ƙugu kuwa sau ɗaya a wata. A gefen lambobin sai a rubuta abin da aka ci jiya, har da tsire da kilishin bakin hanya da abincin biki da suna, domin waɗanda ake mantawa su ne suka fi yin ɓarna.

Akan kai wani lokaci da allurar ma'auni ke tsayawa mako biyu ko uku. A nan yawancin mutane ke karaya su watsar. Dalilin kuwa sananne ne: jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da. Mai littafi sai ya koma ya duba inda mai ko sukari suka sake kutsowa, ya ƙara tafiyar ƙafa. OMS na neman aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 a kwana biyar, da giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a yini. Ma'aikacin da ya bar moto a gida ya taka zuwa masallaci ko kasuwa bayan la'asar ya riga ya biya rabin bashin.

Dabarar da ta fi sauƙi a gidan da ake ci a tire ɗaya ita ce maigida ya samu farantinsa: rabi ganye, rubu'i kifi ko wake ko awara ko kaza marar fata, rubu'i tuwo ko shinkafa. Tuwon gero da na dawa sun fi farar shinkafa riƙe ciki, saboda haka a wannan fanni ba sai an kwaikwayi kowa ba. Fara cin abinci da romo mai ganye na rage abin da hannu zai ɗiba daga baya. Abincin dare kuma a ci shi da wuri, kada a kwanta a kansa.

Akwai waɗanda wannan shawara ba ta hau kansu ba sai da izinin likita: mace mai ciki ko mai shayarwa, da yara, da mai shan maganin sukari ko na tansiyo, domin raguwar nauyi na iya sa a sake masa awon magani. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya nema ba, ya garzaya asibiti, domin ciwon sukari da tarin fuka sukan fara da haka. Shayin rage tumbi da ƙwayoyin da ake tallarsu a kasuwa cikin kwalaye masu rubutun Sin, da yawansu maganin gudawa ne kawai, ruwa suke zubarwa su bar kitse. An sha samun sibutramine a ɓoye cikin irinsu, maganin da ƙasashen Turai da Amurka suka janye a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya.

Abin da ake bukata bai wuce madambaci da cokalin awon mai da kaye ba, sai kuma haɗin kan uwargida, wadda tukunya ke hannunta.